Malam Ilyasu da Kyamarar Gidan Dija

Da hantsi Malam Ilyasu yake buɗe shagonsa da ke bayan tashar Gazawa. Ya share ƙofa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur don kada ƙananan ƙusoshi su ɓace, ya ɗaura tabaransa mai ƙafa ɗaya da zare. A bayansa gawarwakin kwamfutoci ne jibge har rufi, ba ya yar da ko ɗaya. Ni maƙwabcinsa ne, mai sayar da taki da iri, kuma ba zan yi masa ƙarya don ina yabonsa ba: mutumin nan bakinsa ba daɗi. In ka kawo masa gyara sai ya fara yi maka faɗa kamar ka daki ɗansa.

Yanzu zai rufe shagon, don idanunsa sun ƙare a kan wayoyi masu siririn gashi. Abin ya dame ni ƙwarai, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani tun yana da rai, ba sai ranar zaman makoki ba.

Ungozomar wani ƙauye ta shaida cewa shi ya tayar da kwamfutar da take nuna wa likitan Maraɗi masu ciki da ita. Malaman lakol, wato makarantar boko, ma suna da nasu labarin. Amma ni nawa na gidan Dija ne.

Dija tsohuwar Bafillatana ce, rugarsu tana arewa da gari. Ɗanta na fari, Ridwanu, ya tafi haƙar zinariya can cikin hamada shekaru da yawa. Da ya ji idon uwarsa ya raunana, ba ta ganin komai a ƙaramar waya sai inuwa, ya aiko da kwamfutar hannu mai faɗin fuska, ƙanwarsa Farida take kunna mata su gaisa. Daga baya ƙurar rami ta cinye masa huhu. Aka kwantar da shi a wani asibiti a Aljeriya, aka kuma gaya masa gaskiya, ba tashi zai yi ba. Roƙonsa ɗaya ne, ya ga fuskar uwarsa. To a lokacin ne kyamarar ta mutu. Su suna ganinsa, shi kuwa baƙin allo kawai yake gani.

Farida ta kawo kwamfutar cikin zane, idonta jawur. Na ce ga wayata su ara, ta ce an gwada ta wani, tsohuwa ta ƙi, wai ba za ta zauna a kalle ta ita tana makauniya ba. Ilyasu ya karɓi kwamfutar. Ya danna maɓallin da ke kashe kyamara da kunna ta, shiru. Ya duba jerin kayan da kwamfutar ta san suna jikinta, babu kyamara a ciki, kamar ba a taɓa sa mata ba. Ya sake zuba mata manhajar da ke tafiyar da kyamarar, a banza. Sai ya kwance murfin. A gwiwar da murfi yake lanƙwasawa ya tarar da siririyar wayar kyamarar ta tsinke, gwiwar kanta ta buɗe fiye da ƙima.

Ya ɗago ya dubi Farida. "Wa ke danne murfin nan baya har shi kusa kwanciya?"

Ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta faɗa. Dija ce. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, haka ta gada. Duk ranar da aka kira, sai ta miƙa hannu ta tura murfin baya, kyamarar ta kalli sama. Shekara da shekaru Ridwanu rufin bukka yake gaisarwa, yana jin muryar uwarsa daga gefe. Fulako ne, kunyar nan ta Fulani, ya tsinke wayar, ba tsufan kaya ba.

Ya tone gawarwakin nan kaf, bai sami irin wayar ba. A aika Maraɗi kuma, wa ya san ko mai jira zai kai? Sai ya ce zai ɗinke ta da dalma. Na tsaya a kansa ina kallo. Zare ne kamar gashin jariri, guda-guda, shi kuma ido ya tafi. Hawaye na zuba ta ƙarƙashin tabarau yana sharewa da kafaɗa, hannun bai motsa ba. Wani ya zo karɓar gyaransa, ya kore shi da tsawa. Bayan la'asar ya kunna, 'yar fitilar gefen kyamara ta kama, sai ga fuskarsa a allo, a murtuke kamar kullum.

Malam Ilyasu, kai ne ka san cewa gyaran bai ƙare a tebur ba. Wani da ya miƙa kaya ya ce a sauka lafiya. Kai kuwa ka ce in ɗauko babur, don idonka ba ya kai ka ko'ina yanzu.

Muka isa ruga rana ta yi sanyi. Ilyasu ya durƙusa nesa da tsohuwar, ya gaishe ta, a karo na farko na ji ya sassauta murya.

"Inna, ki yi hanƙuri da abin da zan ce. Ɗinkin nan sau ɗaya shika yi. In kika tura murfin nan baya, ya tsinke ke nan, ni kuma ba ni da idon sake shi."

Farida ta ɗora kwamfutar kan turmi a inda rezo, wato sabis ɗin waya, yake kamawa, ta kira. Wani abokin Ridwanu ya riƙe masa waya. Ga shi nan kwance, ƙashi da fata, numfashi yana fita kamar ana jan zarto. Muka ja da baya, amma ina ganin hannun Dija. Hannun ya tashi da kansa, ya kama bakin murfin, kamar yadda ya saba. Ya daɗe a wurin. Sannan ta jawo murfin gabanta.

Ridwanu ya yi ta kallo. Can ya ce, "Inna, ashe kin tsufa."

Ta ce, "Ga ni, Ridwanu."

Farida ta toshe baki da mayafi. Ta ce mini daga baya, tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarsu ba. Bai kai Juma'a ba ya rasu, a can aka binne shi.

A hanyar komawa, da muka hango gari, Ilyasu ya ce in rage gudu, ni ba direba ba ne, ɗan kashe mutane ne.

Mun gode, Malam Ilyasu, mai ɗinkin da allura ba ta shiga. Allah ya saka maka, ya haskaka maka abin da ya rage na gani. Ku kuma masu gyaran da ke tasowa, ku je ku zauna wurinsa tun bai kulle ƙofar ba, ku jure faɗan. Ku koyi tambayar yadda abu ya lalace da kuma wanda ke jiransa. Dija har yau tana ajiye da kwamfutar a cikin zane, kuma Farida ta ce ba ta bari kowa ya taɓa murfin.