Takalma Goma Sha Huɗu a Ƙofar Mama

Ko zan manta komai na zaman jami'a a Abuja, wata ranar Talata ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A makarantarmu akwai ofishin ba da shawara ga ɗaliban da damuwa ta yi wa yawa. Wata dattijuwa 'yar Gbagyi ce ke riƙe da shi, muna ce mata Mama. Ta shimfiɗa kafet, don haka dole ka cire takalmi a ƙofa, ƙofar kuwa tana kallon hanyar zuwa cin abinci. Mu 'yan ƙwallo sai mu zauna muna canka: "Wannan silifas ai na wane ne, ashe shi ma kan ya kwance!" Ni ne kyaftin, ni ne kuma uban shegantakar. Yau in na tuna kunya ce ke rufe ni.

Golanmu a sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro ya tashi, bayan sun gudo daga arewa maso gabas. A shekarar ƙarshe, ana saura wata biyu jarrabawa, ya daina shiga aji, ya rame, ko tayar mota ta fashe sai jikinsa ya hau rawa. Rannan na iske shi yana haɗa jaka.

"Gida zan koma, Kyaftin. Karatun ya ƙi shiga."

"Haba mutumina, ka je wajen Mama mana."

Ya nuna takalminsa, kore shar, babu mai irinsa a makarantar. "In je ka canka?"

Wallahi maganar ta soke ni.

Washegari Talata da muka tashi daga atisaye na ce kowa ya biyo ni. Wani ya ce, "Oga, ni fa lafiyata ƙalau." Na ce, "Takalminka nake so, ba kanka ba." Mu goma sha huɗu muka zube takalma a ƙofar, koren yana tsakiya, muka shige.

Mama ta zaro ido. "Kai! Duka wannan yara, an ci ku ƙwallo ne?"

Na ce mutum ɗaya ne, sauran 'yan rakiya ne. Nan take ta gane. Ta zaunar da mu a ɗakin jira, warin safa ya cika wurin, ta ja golanmu ciki. Masu wucewa suka yi cirko-cirko a waje, suka rasa wanda za su nuna.

Haka muka riƙa yi duk Talata har sau shida. A mako na uku wasu biyu daga cikinmu suka shiga wajenta da ƙafarsu, ban kuma taɓa tambayarsu dalili ba. Golanmu ya warware jakarsa, ya zauna jarrabawa, ya gama tare da mu.

Na ɗaga kofi a makarantar nan, amma bai kai wannan daɗi a raina ba. Na koyi cewa sau da yawa dariyar abokai ce ke hana mutum neman magani. Na taɓa zama mai dariyar, ina kuma alfahari da ranar da na daina.