Rabin Wasan da Na Gani a Washington

Frederick, kafin gari ya waye

Ranar Laraba muka fita da duku-duku, ni da matata Rifkatu. Daga Kafanchan muka zo ziyarar 'yarmu Ladi, wadda take aikin jinya a wannan ƙaramin gari na Frederick. Ita ta sayo mana tikiti biyu na wasan kwaikwayo irin wanda ake yi da waƙa da rawa, a birnin Washington. Ta zaɓi wasan rana na tsakiyar mako da kujerun can baya, aka kuma yi mana ragin tsofaffi, domin shi ne daidai aljihunmu. Rifkatu ta daɗe tana jan waƙa a zumuntar mata ta ikkilisiyarmu, kuma tun da ta ga irin wannan wasa a talabijin take cewa tana son ta gan shi da idonta ko sau ɗaya.

A hanyar tasha Ladi tana tuƙi tana jan kunne. Ta ce ƙarfe biyu daidai ake rufe ƙofa, wanda ya makara sai ya jira hutun tsakiya, kuma tikiti mai rahusa ba a canza masa rana. Da ni take, ba da uwarta ba. Duk Kafanchan an san ni da tsayawa gaisuwa. Bikin ƙanwar Rifkatu ma sai da aka gama rabon abinci muka isa, kuma ba shi kaɗai na sa matata ta rasa ba.

Abin da ban gaya wa Ladi ba shi ne, tun jiya na buga wa Alhaji Sule waya. Tare muka yi aikin reluwe, shi yana sayar da tikiti ni ina gyaran layi, yanzu yana zaune wurin ɗansa likita a Silver Spring, kan hanyarmu. Na ce masa za mu leƙo mu gaisa. Da ya tambayi abin da zai kai mu birni, na ji nauyin in ce tsoho kamar ni zai je kallon rawa, sai na ce muna da ɗan uzuri.

A jirgi

Jirgin na ma'aikata ne, kowa ya rungume jakarsa yana gyangyaɗi. Ni kuwa na kasa kunne ina sauraron layi, na ce wa Rifkatu masu gyaran nan sun san aikinsu. Ta ce in bar layin mutane in ɓare mata ƙwai. Guzurinmu burodi ne da dafaffen ƙwai da shayi a filas, don Ladi ta ce abincin birni zai fi tikitin tsada. Shirinmu shi ne mu yi safiyar a gidajen tarihi, tunda shiga kyauta ce. Sai da muka kusa Silver Spring na gaya mata za mu ɗan sauka. Ta dube ni, ta rufe filas ɗin a hankali.

Silver Spring

Alhaji yana bakin tasha da sandarsa. Ya ce na yi ƙiba kamar wanda bai taɓa ɗaukar diga ba, na ce shi kuma har yanzu fuskarsa ta mai hana canji ce. Gidansu a bene na huɗu yake, kusa da wani shagon 'yan Afirka. Matarsa Hajiya Binta ta tarbe mu da waina da miyar taushe. Muna ci ta ce wannan taɓa baki ne kawai, tuwo yana tafe.

Daga nan baƙi suka fara shigowa, domin Alhaji ya sanar da mutanen gida cewa ni Yakubu na zo. Wata malamar asibiti daga Kagoro ta zo tambayar mahaifiyarta. Wani injiniya ya zo da saƙon da zan kai gida. Kowa sai an gaisa daga gajiya har iyali, kuma gaskiya na ji daɗi, na manta da agogo. Gidajen tarihi suka bi iska. Sai kuma Alhaji ya ce babban baƙo yana hanya, Baba Dogo, tsohon shugabanmu a reluwe, wanda ya haura tamanin. Jikarsa za ta kawo shi daga Takoma Park in ta tashi daga aiki, don kawai ya gan ni.

Sha biyu da rabi ta wuce, babu Baba Dogo. Na hango Rifkatu a kicin tana taya Hajiya tankaɗe gari. Ta cire sabon ɗankwalin da ta ɗaura don wasan, ta ninke shi a kan jaka, wato ta riga ta haƙura. Idan na tashi, na wulaƙanta dattijon da ya taso saboda ni. Idan na zauna, ta rasa wasanta.

Na share murya na faɗi gaskiya a gaban kowa, cewa uzurin namu wasan waƙa ne, kuma ƙarfe biyu ake rufe ƙofa. Alhaji ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Hajiya ba ta yi dariya ba, ta fito da muciya a hannu.

"Baban Ladi, tun safe kana nan zaune da wannan magana a cikinka? A ina ne wurin?"

Na nuna mata tikitin. Ta ce ai kusa da kasuwar kifi ne ta bakin kogi, inda take zuwa kowane wata.

"To Hajiya, ga nawa tikitin. Ki kai ta. Ni zan jira Baba."

Rifkatu ta ce, "Kai fa?"

Na ce mata ni Baba Dogo ya zo gani, ba ita ba. Hajiya ta miƙa wa mijinta muciyar, ta ɗauki mayafi. Kafin mu ankara sun sauka.

Tuwon da ni da Alhaji muka tuƙa, gara kada in yi dogon bayani. Baba Dogo ya iso bayan ɗaya, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana tambayar waɗanda suka rage cikin abokan aikinmu. Ya kai loma ɗaya ya ce a zamaninsa da ya rage wa wanda ya yi wannan aiki albashi. Da ya ji labarin tikitin, shi da kansa ya kore ni, ya ce in bi matata.

Cikin birni

Alhaji ya ce rakiya ce zai yi mini zuwa tasha, amma ya ƙare a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa tare da ni. Da launi ake bambanta layukansa. Mun hau jan layi, muka sauya zuwa koren layi a wata tasha, muka fito kusa da kogi, inda manyan ofisoshin gwamnati suke jere. Na so in ci sauran burodina a jirgi, Alhaji ya taɓa ni da sanda ya ce a nan ko ruwa ka kurɓa za a iya cin ka tara.

A zauren gidan wasan muka zauna, muna jin kiɗa sama-sama ta bango. Can aka buɗe ƙofofi don hutun tsakiya. Rifkatu ta fito ɗankwali a kai, tana magana da hannu biyu. Hajiya ta danƙa mini tikitina, ta ce ba ta yi azahar ba, kuma kifi yana jiranta. Na ce ta ƙarasa kallonta mana. Ta ce ta ga rabonta, in shiga in ga nawa.

Kujerunmu suna can sama, amma ana ganin komai. Makaɗa suna cikin wani rami gaban dandamali, sandar shugabansu kawai ake hange. Labarin wasu 'yan'uwa mata biyu ne da suka gaji shagon mahaifinsu. Suna cikin gardama sai ɗaya ta ɓarke da waƙa, ɗayar ta amsa, mutanen titi duk suka shigo da rawa, shagon kansa ya juya ya zama tasha. Ban san dalilin faɗan ba, Turancin ma da sauri yake. Rifkatu ta matso tana raɗa mini wace ce wace, har wata mata a gabanmu ta waiwayo. Da suka haɗa muryoyi huɗu a waƙar ƙarshe, na ji tana bin su ƙasa-ƙasa, ta kama muryar tsakiya daidai. Aka tashi tsaye ana tafi, muka tashi.

Komawa

Mun yi sallama da su Alhaji a babbar tasha, muka kama jirgin yamma. Rifkatu ta ba ni labarin rabin farko tun daga tashi har muka wuce gonaki, da waƙoƙin da ta riƙe. Ta ce za ta koya wa matan zumunta yadda ake shigo da muryoyi ɗaya bayan ɗaya.

Ladi tana jiranmu a tasha da magariba. Tambayarta ta farko ita ce ko na sa an makara. Na buɗe baki zan yi bayani, Rifkatu ta riga ni.

"Ni dai ina kan kujerata aka ɗaga labule."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Ladi, da Alhaji Sule da Baba Dogo, godiya ta musamman kuma ga Hajiya Binta, da fatan ta yafe mana tukunyarta.