Mama Nas, Mai Tura Yara Kai Labarin Mutuwa

Na'urar gem ɗaya, abin dannawa biyu, igiyoyinsu a cikin leda, tawul mai jini, da yaro ɗan shekara tara a kujerar baya. Abin da na ɗauko ke nan ranar da na nufi gidan Mama Nas. Ƙanwar yaron tana asibiti da mahaifiyarsu, ana ɗinke mata goshi.

Shi ya fasa mata kai da ƙafar wata karyayyar kujera. Ba faɗa suke yi ba. Da na shigo falo na tarar da shi tsaye a kanta, bai gudu ba, bai yi kuka ba. Ya ɗago ya ce, "Baba, me ya sa jinin bai ɓace ba?" A gem ɗin harbin da yake bugawa, wanda na zo da shi daga ƙasar da na yi karatu, jini na ɓacewa kafin a ƙifta ido. Duk tsawon hanya ina leƙensa ta madubi, ina neman alamar tsoro a fuskarsa. Tagar mota yake kallo abinsa.

Mama Nas ta ƙare ƙuruciyarta tana aikin jinya a sashen gaggawa na asibiti. Da ta yi ritaya sai ta karɓi ajin yara na makarantar Lahadi, a ƙaramin ɗakin da ke bayan cocinmu. Ita ke fara zuwa. Ta share, ta jera benci, ta cika tulu, sannan ta zauna bakin ƙofa tana duba farcen duk yaron da ya shigo. Sauran ranaku tana barandarta tana naɗe bandejin da ta wanke, yaran unguwa na kawo mata gwiwar da ta goge. A ƙarshen watan nan za ta bar mu. Idanunta sun yi rauni, 'yarta za ta tafi da ita. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Maganar gem ɗin kisa ta daɗe tana raba kan ikilisiyarmu. Wani dattijo ya ce aikin Shaiɗan ne, a tattaro a ƙone. An taɓa ƙonawa a bayan coci, washegari yaran suka koma shagon gem na bakin titi. Fastonmu, wanda matashi ne, ya ce wasa ne kawai, mu ma mun yi bindigar itace, ba wanda muka kashe. Mama Nas ta ce, "Fasto, wanda ka harba da bindigar itace yakan tashi ya zage ka, har ya kai ƙararka gida. Wannan fa, wa ke kai ƙararka?" Ba ta taɓa cewa gem ke haifar da makasa ba, ta ɗinke sara tun kafin a san gem. Abin da take cewa shi ne, Allah ya yi mutum cikin siffarsa, kuma yaron da aka nuna wa yadda ake kayar da mutum, tilas a nuna masa abin da ke biyo baya.

Ranar da muka iso, tawul ɗin ta fara karɓa ta jiƙa a ruwan sanyi. Sannan ta dubi yaron.

"Maigidana, ashe kai ne sarkin yaƙin? Haɗa mana abin nan, in ga jarumtar da ta hana ka zuwa cefane."

Ya haɗa da talabijin ɗinta, hannunsa na sauri. Kafin in zauna ya harbe mutum na farko.

"Tsayar," in ji ta.

"Mama, za su kashe ni!"

"Tsayar na ce. Ina ka same shi?"

"A ciki."

Ta jefa masa matashin kai. "Ga cikinsa. Durƙusa, hannu biyu, danne da duk ƙarfinka. Ka saki, ya tafi. Tambaye shi sunansa, kada ka bari ya yi barci."

Ya danne yana dariya. Can dariyar ta ƙare, damtsensa ya fara rawa. Ya ce ya gaji. Ta ce motar asibiti ba ta iso ba. Sai da zufa ta karyo masa sannan ta ce, "Saki. Ya riga ya cika."

"Ai ba mutum ba ne, Mama."

"Na sani. Ni ma ba uwarsa ba ce, amma yau zan zama." Ta tashi ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Daga ciki ta ce, "Ƙwanƙwasa. Zo ka faɗa mini ina ɗana."

Wannan shi ne aikin da ta yi shekara da shekaru a asibiti, wanda likitoci ke turo mata: fita wajen dangi da labari. Yaron ya tsaya gaban ƙofar, ya ɗaga hannu, ya sauke. Ya ƙwanƙwasa a hankali. Ta buɗe da fara'a tana goge hannu a zane.

"Lale, abokin ɗana ne? Shigo mana, na ajiye masa abinci. Yana bayanka ne?"

Yaron ya waiwayo ya dube ni. Ta girgiza mini kai, na zauna inda nake. Sai ya tambaya, murya ƙasa ƙasa, ko ƙanwarsa za ta dawo gida yau. Daga nan ya fashe da kuka, na kuma ji numfashina ya dawo.

Ba ni kaɗai ne shaida ba. Telan layinmu ya ce tagwayensa sun je ƙofar nan, yanzu gem ɗin ƙwallo suke bugawa, ba wanda ya hana su na harbin. Wata malamar firamare ta ce 'yarta ta danne wa wani mai babur rauni a bakin titi, manya na tsaye suna ɗaukar hoto da waya. Akwai kuma iyayen da suka janye 'ya'yansu daga ajin, suka ce tana firgita yara. Ba ta yi musu ba. Ta ce gara yaran su firgita a gabanta, inda akwai mai rungume su, a yi addu'a tare.

Na so a ce labarina ya ƙare a nan. Mun ci gaba da zuwa. A wani zuwan, yaron ya harba, ya tsayar da kansa, ya danne matashin, ya je ya ƙwanƙwasa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, sai haƙuri, ɗanki ya rasu, Allah ya ba ki dangana." Tsaf, ba gargada. Ya koma da gudu ya ɗauki abin dannawa.

Na ce, "Mama, ya koya ke nan."

Ba ta yi murmushi ba. "Ya koya, ɗana. Abin da ke tsorata ni ke nan. Ya mai da ni wani mataki na gem ɗin, ya kuma haye. Fuskata ta daina yi masa nauyi."

"To, yanzu fa?"

"Ni aron uwa ce. A nemo fuskar da ba zai iya hayewa ba."

Mama, ke ce wadda ta ga abin da ƙarfe ke yi wa jiki, ba ki zo kin yi mana ihu ba, kin zauna a ƙasa da 'ya'yanmu. Ke ce ba ki ƙona ba, ba ki kuma kau da kai ba. Ko da dabararki ta gaza, ke kika fara faɗa. Mun gode. Ubangiji ya riƙe hannunki a inda idonki ba ya kai.

Ku kuma iyaye, ƙwace na'ura ba wuya, ƙyale yaro da ita a ɗaki ya fi sauƙi. Ku zauna kusa, ku kalli abin da yake kallo, ku ce ya tsayar. Ajin bayan coci na neman mai karɓa, har yanzu ba wanda ya ɗaga hannu.

Jiya bayan sujada na jona na'urar a falo. Ƙanwar yaron na gefe da tabonta, tana wasa da 'yar tsana. Ya harbi wani mai baƙar riga, ya tsayar, ya dube ni.

"Gidan Mama za mu je?"

"A'a. Wannan da ka harba ɗana ne, ɗan shekara tara."

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Daga yanzu, duk wanda ya kashe, ni zai zo ya faɗa wa.