Layin Da Baba Ya Karce A Jikin Robar Ruwa

Babanmu bai yarda da kowa ba, kuma shi bai ɗauki wannan aibi ba. Aiki ne ya mai da shi haka. Tun yana saurayi har ya yi furfura, mai tsaron sito ne a wani kamfanin fenti. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ke laluben jakunkunan ma'aikata a bakin ƙofa in an tashi. Da ya yi ritaya sai ya dawo mana da aikin gida. Firij kawai ya tsira daga kwaɗo, shi ma don Inna ta ce in ya kuskura ya sa, to ya fara dafa wa kansa abinci.

Mutanen layinmu Mai Makulli suke ce masa, saboda tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa. Tun kafin ka gan shi za ka ji kacau-kacau. Lokaci ɗaya ne kawai suke rabuwa da jikinsa, wato in zai shiga wanka. Sai ya miƙa wa Inna ya ce, "Riƙe min." A duk duniya ita kaɗai yake gaya wa haka.

Ni ce babbar 'yarsa, kuma mijina bakanike ne. Garejinsa da ƙafa ake zuwa daga gidanmu. Amma da Baba ya tashi sayen mota bai ko yi masa tari ba, wai kada su haɗa baki da dillali. Sai kawai muka wayi gari da akwala a ƙofar gida, wadda da alama a da can fara ce. Ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai daga waje.

"Da araha na same ta," in ji Baba, yana shafa ta. "Don ban tafi da kowa ba."

Ba a je ko'ina ba allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe ta gaba, aka turo ta gareji. Baba ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, wato tankin ruwan inji, nan take, mijina ya yi wuf ya riƙe shi.

"Baba, ku bari ta huce, ruwan zai sale muku fuska."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Me kake ɓoyewa a ciki?"

Haka aka fara, wallahi. Da ta huce mijina ya gano tiyon ruwa a tsage, mai motar na da ya naɗe shi da robar taya ya shafe da baƙin mai. Ya canza tiyon, ya canza murfin, ya wanke lagireton har ruwan tsatsa ya daina fita, sannan ya cika shi da ruwan nan na sanyaya inji, kore shar. Duk wannan Baba na kan benci, ko ƙiftawa ba ya yi. Da aka gama ya ce a zuba masa tsofaffin kayan a leda, ya tafi da abinsa gida.

Ruwa bai daina raguwa ba. Baba ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, da safe ya zaro shi a bushe ƙayau, ko ɗigo. Amma robar nan da ke gefen lagireto, wadda ake duba ruwa a jikinta, ta yi ƙasa. Aka koma gareji, aka cika, aka sake komawa. Duk dawowa sai an yi masifa a tsakar gida, kuma sunan mijina ne a bakin Baba. Inna tana kicin tana ji, tana goge tukunyar da ta riga ta bushe.

A zuwa na ƙarshe mijina ya nuna masa abu uku. Ya tayar da motar, farin hayaƙi ya riƙa fita ta salansa, bai tsaya ba ko da inji ya ɗumama. Ya kwance murfin baƙin mai, ga wani kitse a jikinsa kamar shayi da madara. Kafin nan kuma, tun tana sanyi ya buɗe lagireto, da ya tayar da ita ruwan ya yi ta fitar da kumfa ɓul-ɓul.

"Ba ƙasa yake zuba ba, Baba, ciki yake shiga. Gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ya ƙone, injin ne ke shanye ruwan yana fitar da shi ta baya. Sai an ɗaga kan injin."

"Wato ka buɗe mata ciki ka zaɓi na zaɓa."

Mijina ya rufe bonet ya koma kan aikinsa. Da ya dawo gida ko abinci bai iya ci ba. Ni kuwa kamar in haɗiye zuciya. Mutumin da ko sisi bai karɓa ba, shi ake kira ɓarawo a gaban abokan aikinsa!

Abin da ya biyo baya sai daga baya muka san shi. Baba ya ƙulla a ransa cewa surukinsa ne ke sassauta wani abu duk zuwa, don motar ta riƙa komawa. Sai ya shirya tarko irin na sito. Ya cika robar, ya ɗauki ƙusa ya karce layi daidai bakin ruwan, ya hana motar zuwa gareji. In ruwa ya sauka babu hannun mijina, to gaskiyarsa. In bai sauka ba, an kama ɓarawo. Kuma bai gaya wa kowa ba. Baba ya gaya wa wani? Tabɗijam.

Bayan 'yan kwanaki ya aiko mu zo, mu biyu. Muka tarar da shi tsaye a gaban mota, bonet a ɗage, ƙusar a hannunsa. Inna tana bakin ƙofa da buta.

"Zo ka duba. Kullum ina hawanta, kasuwa, asibiti, ko'ina. Tun da na raba ta da hannunka, ga ruwa nan a kan layi. Ina injin da ke shanyewa?" Ya juyo gare ni. "Ke, gidan ubanki ne, ki zo duk sanda kika so. Shi kuwa kada in sake ganin ƙafarsa a nan."

Na buɗe baki zan faɗi abin da zan yi nadama, mijina ya ɗaga min hannu. Ya sunkuya ya leƙa robar, hannayensa a baya don kada a ce ya taɓa.

"Baba, ku yi haƙuri. Ruwan da na zuba kore ne shar. Wannan ya koɗe, ya kusa zama fari. Akwai mai ƙara mata ruwa."

"Ni kake cewa maƙaryaci? Makulli a ƙuguna yake kwana!"

Sai muka ji an ajiye buta a ƙasa. Inna ce ta tako har gaban motar.

"Ni ce, Malam."

Baba ya yi kamar bai ji ba.

"Ni ce. In ka shiga wanka da safe nake buɗewa in cika maka zuwa layin nan. Na ga duk sanda ya ragu sai ka ci mutuncin yaron nan. Na ce in ruwan bai ragu ba, ai sai a zauna lafiya. Ni na san gwaji kake yi? Ka gaya min?"

Na so in yi dariya, na so in yi kuka. Baiwar Allah, garin kare shi ta kusa kore shi daga gidan. Baba kuwa ya tsaya yana kallon butar. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, sai na ji tausayinsa ya kama ni duk da haushin da nake ji. Can ya sauke bonet a hankali ya shige ciki.

Washegari ya kai motar gareji da kansa. Baba ba ya cewa a yi haƙuri, ba a gina bakinsa da wannan kalmar ba. Ya dai tsaya ya zare makullin motar daga cikin tarin, da ƙyar, don zoben ya yi tsatsa, ya sa wa mijina a tafin hannu.

"In ka gama ka kawo ta gida. Ka zo da yunwarka."

Bai zauna a benci ba. Ya juya ya tafi da ƙafa, bai waiwayo ba. Da aka ɗaga kan injin, ga gaskit nan ya cinye ta gefe ɗaya, baƙi ƙirin. Mijina ya sa shi a leda ya kai masa, Baba ya ce ya jefar.

Motar tana nan tana tafiya, allurarta a tsakiya. Mijina na shiga gidan kamar da, har Baba kan tambaye shi labarin gareji. Na ɗauka magana ta mutu ke nan, sai wata safiya da na je da wuri. Na tarar da Inna zaune a ƙofar ɗaki, hannayenta a kan cinya. Daga banɗaki ina jin ƙarar ruwa, ina kuma jin kacau-kacau.

"Inna, da makullan yake wanka?"

"Ya buga musu ƙusa a ciki," ta ce. Ba ta dube ni ba.