Inna Rakiya da Umarnin Kotu

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna Rakiya, mai sayar da atamfa a kasuwar Asigame, uwar tsohon mijina. Mutane kan yi mamaki idan suka ji ni nake mata sadaka duk shekara. Waɗanda suka san Zongon Lome a wancan lokaci ba sa mamaki.

Ɗanta Sanusi ya daɗe yana dukana. Ranar da ya karya mini hannu, ita ce ta tare mai babur ta kai ni asibiti, daga can muka wuce wurin 'yan sanda. Da magana ta kai kotu, dangina suka matsa mini in ƙara da cewa yana dukan 'yarmu Hadiza, wai sai hukunci ya fi tsanani. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Inna ta ji, ta kira ni ɗaki.

"'Yata, faɗi abin da ya yi, kada ki rage ko kaɗan don ni. Amma kada ki ƙara. In aka kama ki da ƙarya, ke za a hukunta, kuma matar da za ta zo bayanki da ciwo na gaskiya ba wanda zai yarda da ita."

Gaskiyar kawai na faɗa, kuma ta isa. Alƙali ya hana Sanusi kusantar inda nake. Inna ta ɗauke ni da Hadiza zuwa gidanta.

Wata rana bayan azahar sai ga shi ya banko ƙofa, yana cewa gidan uwarsa ne, babu alƙalin da zai hana shi shiga. Inna ta tsaya tsakanina da shi, ta ce ya fita. Ya ture ta ya damƙo wuyan rigata. Maƙwabta suka janye shi. Ita kuwa ta yafa mayafi, ta tafi da ƙafarta ta kai ƙara. Ɗan farinta ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, amma ranar ta faɗe shi sarai a gaban 'yan sanda. Aka ɗaure shi.

Unguwa ta yi ta magana. Wasu abokan cinikinta suka daina tsayawa a rumfarta. Duk Juma'a tana dafa shinkafa ta kai masa kurkuku, ko da zai ƙi fitowa, ta dawo idanunta jajur.

Yanzu ana ta muhawara kan tsananta hukuncin mai taka umarnin kotu da mai ƙagen cin zarafi. Matasanmu sun rabu gida biyu a waya, kowa ya riƙe ɓangare ɗaya yana zagin ɗayan. Ina jin da tana raye da ta yi mamakin rabuwar, don ita ba ta taɓa ganinsu abu biyu ba.

Ba ta bar dukiya mai yawa ba. Amma Hadiza ta girma ba ta san tsoron ƙarar ƙofa ba. Sanusi kuwa, da hannunsa ya sa uwarsa a kabari yana kuka. Wa'adin umarnin ya daɗe da ƙarewa, amma har yau idan ya zo ganin 'yarsa a gidanmu na unguwar Agbalepedo, a waje yake tsayawa, ya yi sallama, ya jira sai an ce ya shigo.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta.