Kwandon Kaɗar da Ya Tafi Shin

Jiya da hantsi na kwance sabon bandir na farin yadi a rumfata, nan cikin kasuwar Malanbil. Warin sitaci ya bugi hancina, sai na tsaya da almakashi a hannu, na manta da mai sayen da ke jirana. Farin yadi nake sayarwa, kuma rabin masu zuwa wurina likkafani suke nema. Shi ya sa nake auna kowane yadi sau biyu, wani lokaci in sake, don ina tsoron a je binne bawan Allah a tarar na rage masa taƙi ɗaya. Matata tana cewa damuwa ta yi mini yawa. Gaskiyarta. Haka nake tun ina yaro, kuma wadda ta fara gane haka ita ce kakata, uwar Baba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Tumbutu ta nan kusa da Malanbil, ba waccan ta bakin sahara ba, can kan tudu, nesa kaɗan da kogi. Mutanen fadama suna da shinkafa da albasa, mu kuwa gero da auduga, wadda mu a can kaɗa muke ce mata. Idan sanyi ya shigo, kogi ya sake cika, gonar Baba takan yi fari fat. Mukan fita tsinka sai rana ta ɗan ɗaga, don kada raɓa ta jiƙa ta. Ƙoƙon kaɗa yana da baki mai tsini, yana tsaga gefen farce, kuma har yau idan na ga tsohuwa mai tsagaggun yatsu na san daga inda ta fito.

Duk kaɗar ƙauye ta kamfani ce. Ana tara ta a filin awo, a tattake, manyan motocin kaya, kamyo, su zo su kwashe zuwa Kandi. Amma akwai kwando ɗaya da ba ya zuwa filin awo. Kowace shekara kakata takan shiga gona da kanta kafin kowa, ta zaɓi mafi fari da mafi laushi, ta cika kwandonta, ta rufe da tsohon zane. Wannan nata ne. Da rani takan zauna a bakin ɗakinta ta gurje shi a kan dutse da ɗan ƙarfe har angurya ta fita, ta shiɓe shi da baka, sannan ta ɗauki mazari. Ɗakinta yana warin alli da man angurya. Ƙarar mazarin nan a cikin ɗan kasko ita ce ƙarar azahar a gidanmu.

Ni take ce wa maigida, irin wasan kaka da jika. Kullum ƙorafinta ɗaya ne: wai ta yi rashin sa'ar miji, ga shi kullum fuska a murtuke kamar mai bin sawun ɓarawo, kuma bai taɓa yi mata ko zane ɗaya ba. Sauran jikoki sukan rama, su ce ta tsufa sun sake ta. Ni kuwa abin yakan tsaya mini a rai da gaske. Nakan kwanta ina tunanin inda yaro kamata zai samo zane.

Na daɗe ban san abin da take tara zaren nan dominsa ba. Inna, mahaifiyata, ita ce ta faɗa mini a hankali, muna surfe: likkafaninta ne. Uwarta da kakarta dukansu da saƙar gonarsu aka rufe su, ita ma haka take so. Masaƙin da ke yi mata aiki wani tsoho ne daga ƙetaren kogi, wajen Gaya, wanda yakan zo da rani ya kafa masaƙarsa a gindin tsamiya. Falle-falle yake saƙa mata, sirara, kowace shekara gwargwadon zaren da ta samu. A shekarar da nake ba ka labari ya riga ya gaya mata cewa idonsa ya yi rauni, zuwansa na gaba shi ne na ƙarshe. Abin da ya rage mata kuwa kwando ɗaya ne tak.

Ta tsinki kwandonta kamar kullum, sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Ranar awo gida ya rikice, ana ta jidar kaɗa a amalanke. Ƙanen Baba, mutum mai gaggawa, ya ga kwando a zaure rufe da tsumma, ya ɗauka ragowa ce, ya juye a kan sauran. Kafin kakata ta iya tashi zaune, kamyo ya tafi, an sare karan gona an ƙone.

Da ta ji sauƙi ta ce a kawo mata kwandonta. Aka kawo shi wayam. Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana duban cikinsa, sannan ta tambayi Baba inda ake kai kaɗar mutane. Ya ce Kandi, a cire angurya. Ta ce daga nan fa? Ya ce Kwatano, bakin teku, a sa a jirgi. Ta ce daga nan fa? Baba ya faɗi sunan ƙasar yadda ya ji ma'aikatan awo suna faɗi da Faransanci.

"Shin," in ji shi.

Kakata ta jira. Da ta ga ya yi shiru ta ce, "Shin mi?"

"Shin dai, Inna."

"To ƙarasa mana. Ni na tambaye ka, kai kuma ka tsaya tambayata?"

Ka san mu da Hausa, idan mutum ya ce shin, tambaya ce zai yi. Sai da Baba ya yi ta bayani cewa sunan ƙasa ne, wadda rediyo ke kira Sin, mai mutane da yawa da masaƙun inji, kuma a lokacin su ne manyan masu sayen kaɗa. Matan gida suna ta ƙunshe dariya. Ita ma ta yi murmushi, ta ce ashe kaɗarta ta tafi garin da ko sunansa ba a ƙarasa ba. Amma na ga ta tura mazarinta ƙarƙashin gado, kuma azahar ɗin gidanmu ta yi tsit.

Baba ya ce zai sayo mata farin yadi na kanti, mafi kyau. Ta ce ya bari, idan ta mutu su yi yadda suka ga dama, ba za ta tashi ta hana ba. Wannan maganar ta hana ni cin tuwo. A lakwal, wato makaranta, na tambayi malaminmu, da muke ce wa mushe, ko ana iya zuwa Shin a karɓo abu. Ya nuna mini a taswira, ya sa yatsa ɗaya a kanmu, ɗaya a can, hannuwansa a buɗe kamar zai rungumi bango. Na kama hanyar gida.

A hanyar komawa ne na lura da abin da kullum nake gani ban kula ba. Kamyon nan ana cika su har su yi tozo, iska tana fizgar kaɗa tana watsarwa. Duk ƙayar da ke gefen hanya, daga filin awo har kwalta, ta yi furfura. Na fara tsinta ina cusawa a aljihu, sai tsoro ya kama ni. Wannan ai an riga an auna, an sayar. Idan kayan wani ne fa? Idan aka rufe kakata da abin da ba halal ba, saboda ni? Na mayar da abin da na tsinta a kan ƙayar, na tafi wurin liman.

Liman yana gyaran igiyar akuyarsa. Ya saurare ni har na gama, bai yi dariya ba, Allah ya ji ƙansa. Ya tambaye ni wane ne mai kaɗar yanzu. Na ce mutanen Shin. Ya ce ina ganin za su zo su cire ta daga ƙaya? Na ce ban sani ba, watakila. Ya ce abin da mai shi ya wuce ya bari, ba zai waiwayo ba, akuya ma ci take yi, ba laifi a ɗauka. Da ya ga ban gamsu ba sai ya ƙara da cewa, ai su ma kwandon tsohuwa yana wurinsu, a ɗauka musaya aka yi. Wannan ce ta kwantar mini da hankali.

Muka yi ta tsinta, ni da ƙannena da yaran maƙwabta, bayan an tashi daga lakwal. Inna ma takan biyo mu idan ta dawo daga rijiya. Ƙanen Baba, wanda tun ranar nan ba ya iya haɗa ido da tsohuwa, shi ya fi kowa nisa, har kwalta yake kaiwa a kan kekensa, ya dawo hannuwa duk ƙaya. Kaɗar hanya ba kamar ta gona ba ce. Ta sha jar ƙasa da hayaƙin mota, ga ƙaiƙayi. Muka tsince ta tsaf, amma ba ta yi fari sosai ba.

Ranar da kwando ya cika, ni aka ba in kai mata. Na ajiye a gabanta, na fara ba da haƙuri cewa ba ta yi fari ba, kuma na tambayi liman, kuma idan ba ta so a zubar. Ta sa hannu ta damƙi kaɗar, ta murza, ta kai hanci. Sannan ta ce in miƙo mata mazarinta.

"Yau dai maigida ya yi mini zane," in ji ta.

Masaƙi ya zo da rani, ya saƙa fallayen ƙarshe yana kusantar da fuska ga zaren. Da aka jera su da na shekarun baya, nan take za ka gane na hanya, sun yi ja-ja kamar an jiƙa su da ruwan shayi. Na ce ko a wanke da sabulu. Ta ce in bar mata kayanta, tana so ta san wanne ne nawa.

Ta ƙara damina biyu a duniya. Ranar da ta rasu na ga Inna ta fito da fallayen daga cikin tukunyar da aka ajiye su, ta ba mata masu ɗinki. Sun isa, har da ɗan saura. Na san sun isa, don na tsaya a bakin ƙofa sai da aka tabbatar mini.

Yanzu babu mai kaɗi a ƙauyenmu, kuma wurin masaƙa a gindin tsamiya masu kabu-kabu ne ke fakewa. Kaɗa kuwa tana nan tana tafiya. A rediyo nakan ji ana lissafa ƙasashen da suka fi saye a duniya, Bangaladash, Biyetnam, Sin, Pakistan, Turkiyya, kuma an ce tamu yanzu Bangaladash ta fi ɗauka. Can ake kaɗawa, can ake saƙawa, sannan ta dawo mana a bandir, fara tas, ba falle ɗaya da ya bambanta da ɗan'uwansa. Wani lokaci ina yanka sai in yi tunanin kwandon nan, ko rigar wa ya zama, ko ya yi wa mai ita laushi. Ina fata ya yi.

Mutumin jiya ya gaji da jirana, ya taɓa yadin ya tambaye ni na wace ƙasa ne. Na duba hatimin, na ce masa, "Shin." Na ɗan dakata. Ya gyaɗa kai kawai, ya ce in yanka masa. Na auna sau biyu, na yanka.