Malam Inuwa, Direban da Ba Ya Bin Miƙaƙƙiyar Hanya

Kullum da an idar da sallar asuba, Malam Inuwa yakan hau kekensa daga Panshekara zuwa wani kamfanin fata a Challawa. Kafin 'yan aikin safe su iso ya wanke farar motar baƙi, ya fesa mata turare har sau biyu, don ya san warin jima ba ya jin kunyar kowa. Shekara talatin da ɗaya yana haka, sai makon jiya ya miƙa makulli.

A takarda aikinsa kaɗan ne: ya ɗauko baƙo daga filin jirgi, ya kai shi masauki a Bompai, ya kawo shi kamfani. Amma a wurinsa abin kunya ne mutum ya zo Kano ya koma bai ga komai ba sai fata. Duk wanda ya shiga motarsa sai ya leƙa karofin Ƙofar Mata ya fito da shuɗin yatsa, ya zaga Gidan Makama, sannan ya hau Dala. Shi Malam Inuwa kam a gindin dutsen yake tsayawa. Wani injiniya ya taɓa saukowa yana haki, ya tambaye shi sau nawa ya hau. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni mota aka ba ni amana. In na hau, wa zai tsare ta?"

Ma'aikata ba sa manta ranar da Hajiya Mubina, mai kamfanin takalma a Legas, ta zo a fusace saboda an yi mata jinkirin kaya. Ita ce babbar mai sayen fatarsu. In ta janye, mutum tamanin za su koma gida. Ta gaya wa manaja ta gama da su, ta shiga mota ta ce, "Direba, filin jirgi. Kada ka tsaya ko'ina."

"To, Hajiya. Sai dai Sharada a cunkushe take, bari mu yanke."

Yanken nan bai tsaya ba sai bakin kasuwar Kurmi.

"Nan ne filin jirgin?"

"Taya ce ke son iska, Hajiya. Kafin a gama ku ɗan miƙe ƙafa."

Ya yi gaba tana bin sa tana faɗa, har layin dukawa. Nan ta ga wani dattijo yana ɗinka jaka. Ta karɓa, ta murza, ta shinshina. Ta tambayi dattijon fatar ina ce, ya ce ta Challawa. Malam Inuwa ya kau da kai ya ce, "Tamu ce, wadda ma aka ware a matsayin rara."

Aka kawo mata gurasa bandashe. Ta ce ba ta jin yunwa, ta cinye biyu. Tana wanke hannu jirginta ya wuce ta samansu. Malam Inuwa ya bi shi da kallo cikin alhini ya ce, "Allah bai yi ba."

Ta ce, "Malam, tun Sharada na gano ka."

"Na sani, Hajiya. Gobe filin jirgi ko Challawa?"

"Challawa. Amma mu biya ta wajen mai gurasar nan."

Ba a sallami kowa ba. Manaja ya ba shi takardar gargaɗi kan ƙona mai, da turmin shadda, duk a rana ɗaya.

Malam Inuwa, kai ne ka mai da motar kamfani makaranta. Kai ne ka sa baƙi suka tafi suna ambaton garinmu da alheri, ba ka taɓa neman a ambaci sunanka ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba da hutu mai albarka.

Ranar sallama aka ce Lawal, direban da ya gaje shi, ya kai shi gida, tafiyar minti goma. Sai bayan la'asar Lawal ya dawo, yana cewa shekararsa arba'in a Kano, yau ya fara ganinta.

Direbobi da 'yan adaidaita, ku yi koyi da shi: baƙo in ya zo, a nuna masa gari. Sai dai a fara tambayarsa ƙarfe nawa jirginsa zai tashi.